Shafina yana da kyau amma kastoma ba sa ganin farashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Kejetia, ɗan yayata ya haɗa min shafin intanet mai kyau wallahi har hotuna suna juyawa da kansu, amma har yau sai kastoma ta kira tana tambaya nawa ne wannan, ina shagon yake, alhali duk an rubuta a ciki. Laifin mutane ne ko na shafin? Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Na buɗe shafin a wayata, kuma gaskiya ni ma sai da na danna wuri huɗu kafin na ga kuɗin leshi guda, lambar wayarki kuwa tana can ɓoye bayan layukan nan guda uku na sama waɗanda da yawa daga cikin iyayenmu ba su ma san ana dannawa ba.

Mutane ba karanta shafi suke yi ba Hajiya, leƙe suke. A 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya bi motsin idon mutum 232 suna duba shafuka, ya ga ana karanta layin sama, a ɗan sauko a ƙara rabin layi, daga nan ido ya zarce ƙasa ta gefen hagu. To balle kastomarki da ke cikin motar haya ta trotro, hannu ɗaya a waya ɗaya a jaka, netwok yana zuwa yana tafiya ga data na ƙarewa, hotunan nan masu juyawa ma su suke hana shafin buɗewa da wuri, a cire su.

Ki duba *170# na MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, ba hoto ba kwalliya, amma mai kokon da ke bakin masallaci ta san lambar da za ta danna tun kafin jerin ya gama fitowa a waya. Haka nake so naki ya zama: farashi da sidi ƙarƙashin kowane zane, alamar WhatsApp babba, kwatancen shago a sama.

Sannan ki samu mutum biyar, ki miƙa wa kowacce waya ki ce ta nemo miki kuɗin leshi ruwan goro, ki yi shiru kar ki nuna mata komai ko da ranki yana sosuwa. Duk inda yatsarta ta tsaya tana shawagi ki rubuta ki kai wa yaron ya gyara. Banda shi a cikin biyar ɗin, shi ya gina ai ya san ko'ina.