Amsa ga mai son haɗa tarihin kakansu da ya rasu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan tsoho ya gafarta masa, ya sa ya huta, ku kuma Allah ya ba ku haƙurin rashi. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, kin ce kuna so ku haɗa tarihin kakanku saboda ƙananan jikoki da ba su san shi sosai ba, amma kowa da shekarun da yake faɗa, wani ya ce casa'in wani ya ce ya haura ɗari, kuma kakarku da an taɓo zancen sai hawaye. Wlh kamar labarin gidanmu kike bayarwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki, ki yi haƙuri da tsayin.

Mu Baba ya rasu 2023 bayan babbar sallah. Tela ne, a cikin birnin Kano ya yi rayuwarsa kaf, shagonsa na wajen Kasuwar Kurmi. Ranar janaza yayanmu ya tura sanarwa wai shekara 105, ni dai na ja bakina na yi shiru don ranar ba ta musu ba ce, amma kin san halinmu, tsoho in dai ya fara dogara sanda to ya kai ɗari ke nan. Katinsa kuwa 1 ga Janairu aka rubuta masa, irin wadda mai cike fom ya ga dama ya sa, ba abin dogaro ba ce.

Toh ga inda muka gano bakin zaren. Kar ki tambayi tsoho ko tsohuwa shekara, ki tambaye su me ya faru a gari lokacin. Baba ya sha faɗa mana cewa ranar da Sarki Alhaji ya rasu, wato Abdullahi Bayero, yana shagon maigidansa yana ɗinkin hannu, ba a ma fara yarda ya hau keken ɗinki ba, kuma bai daɗe da sauke Alƙur'ani ba. Sarki Alhaji ya rasu ƙarshen 1953, in ka ba Baba sha shida ko sha bakwai a lokacin ka ga haihuwarsa ta faɗo wajen 1936 ko 1937, wato 86 ko 87 ya yi, ba 105 ba. Hajiya matarsa kuma ta ce shekarar da aka kawo ta gidan ce ƙaninta ya dawo daga makaranta da 'yar tuta kore da fari a hannu, ka ga 1960 ke nan, aure shekara 63. Haka za ki yi ta kafa turaku, zuwan Sarauniya 1956, kisan Sardauna Janairun 1966 cikin azumi, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu na tuƙi 1972, canjin kuɗi 1973, ƙarin albashin Udoji, kisan Murtala Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine ƙarshen 1980. Ki ce "Goggo wane ne a bayanki lokacin?" za ta gaya miki wanda take goyo, nan take kin samu shekarun 'ya'yan ma gaba ɗaya.

Maganar kakarku kuwa, gsky ita ce littafin, duk sauran mu 'yan karo ne. Amma ba a buɗe ta da ƙarfi. Ni na yi wannan kuskuren, sati biyu da rasuwa na je na dasa mata waya a gaba na ce Hajiya ba ni tarihin Baba, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "yaushe kika zama 'yar jarida?" ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Matar da shekara 63 ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, daga Malam sai Malam, ita za ki titsiye da tambaya? Takaba wata huɗu da kwana goma ce, tana gida ba inda za ta, lokaci na nan, ki je ki zauna kawai ki taya ta tsinke zogale ko ki matsa mata ƙafa, zancen da kansa zai zo. In ta yi kuka ki bar ta ta yi, ba laifi ba ne, kar a yi ta ce mata ta yi shiru.

Abin da ya buɗe bakin tamu akwatin ƙarfensa ne da aka jawo daga ƙarƙashin gado za a duba takardun gida. A ciki muka tarar da littattafansa na shago guda tara, duk da ajami, awon mutane ne da bashi, tsayi kaza hannu kaza, wane fam biyu da sule biyar. Kina buɗe shafi kina ganin inda kuɗi ya canza, fam ɗaya ta koma naira biyu, amma shi har ya bar duniya kwabo hamsin sule biyar yake ce mata. Wasu sunayen an ja musu layi ɗaya, wasu an zagaye su. Mun ɗauka duk biya ne. Hajiya ta sa tabarau ta duba ta ce mai layi ya biya, wanda aka zagaye Malam ya yafe, yawanci kayan sallar marayu ne ko na maƙocin da ya san ba shi da shi. Muka hau ƙirga zagaye ni da ƙanwata, wajen littafi na uku muka daina don ba ma ganin rubutun sosai. Daga ranar Hajiya ta fara magana, ta ba mu labarin lokacin Udoji da ma'aikata suka samu kuɗi kowa na son babbar riga, har kwana yake a shago da fitilar aci-bal-bal, da kuɗin ya sayi keke na biyu ya kuma je Makka a 1976.

A cikin littafin nan ne kuma muka ga bashin da ake binsa, na wani mai yadi a Kantin Kwari, ba layi ba zagaye. Mutumin ya riga shi rasuwa, sai da muka nemo 'ya'yansa muka biya. Wannan ki sa shi gaba da tarihi don Allah, bashi da wasiyya ake fara fitarwa kafin a taɓa gado, ku bincika tun yanzu.

Sannan kar ku mai da shi waliyyi. Na ga irin rubutun da ake yi, mai haƙuri, mai zumunci, bai taɓa faɗa da kowa ba, in ka cire sunan ka sa na wani duk ɗaya ne. Baba masifaffe ne in an taɓa masa almakashi, da tef ɗin awo yake zane mu, kuma alƙawarin tela kam ya iya shi, daren sallah mutane na zaune a benci suna jiran ɗinkin da ya ce an gama tun shekaranjiya. Wlh jikoki wannan suka fi so a ba su, suna ta dariya, ta nan suka san mutum ne. Ban ce a tono abin da zai zubar masa da mutunci ba, wannan a rufa, addini ma ya ce a ambaci alherin mamaci. In kuma gidan ɗakuna biyu ne ko uku kowane ɗaki a ji ta bakinsa, in ba haka ba tarihin zai zama abin gaba, mun kusa faɗawa nan.

Abokansa ki hanzarta. Namu biyu suka rage, ɗaya mun je sau ɗaya muka ce ma dawo bayan arba'in, ba mu koma ba sai gaisuwarsa. Dama akwai hadisi a kan sada zumunci da aminan mahaifi bayan ransa, ki riƙe ɗan goro ko turare ki je, riba biyu ce.

Wani abin takaicin, na naɗi muryar Hajiya har sau goma sha ɗaya a wayata, da saninta daga baya, ban tura ko'ina ba, aka fizge wayar ina cikin adaidaita. Wasu labaran ta sake ba ni, wasu ta ce ta manta ta faɗa ma. Duk abin da kika naɗa ki tura wa mutum biyu a WhatsApp a ranar, littattafai da tsofaffin hotuna ki ɗauke su a waya shafi-shafi.

Batun buga kalanda da hotonsa mu ma an kawo shawarar, Hajiya ta ce ba da ita ba, wai ƙarshenta a ƙunsa ƙosai da fuskar Malam. Kuɗin aka haɗa aka gyara rijiyar masallacin unguwa da sunan sadakarsa, keken Singer ɗin kuma jikansa ɗaya ke kai yanzu yana koya wa yara biyu. Zancen taron arba'in malamai sun saɓa, ban shiga nan ba, ku bi abin da gidanku ya natsu da shi.

In kin je wajen kakar taku ki fara da ƙaramar tambaya, ki ce wane abinci ne ba ya ci. Tamu miyar kuɓewa ɗanya ce, daga nan Hajiya ta kai mu har ranar da ta fara girki a gidan tana amarya ta yi masa ita bata sani ba, ya cinye tas bai ce komai ba, sai bayan shekara uwarsa ta gaya mata.