Amsa ga Alhaji kan sef ɗin bindigogin da ya rasa yadda zai yi da shi

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayarka cewa kai da Hajiya kun sa gidanku na jihar Ohio a kasuwa tun da yara sun girma sun kama gabansu, za ku koma ƙaramin gidan haya a saman bene, kuma abin da ya tsaya maka a rai shi ne sef ɗin bindigogin farauta, wato babban akwatin ƙarfe mai makulli, da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda ka ce nauyinsa ya kai laba 800. Na daɗe ina aiki da kamfanin kwashe kayan masu ƙaura a nan Amurka, irin wannan akwati kuwa yana cikin kayan da muka fi yi wa shiri, don haka zan faɗa maka abin da na sani.

Ka fara cire rai daga kuɗin da ka saye shi. Sef ɗin da aka yi amfani da shi ba ya riƙe daraja, ko da na kamfanin Liberty ne ko Browning ko Fort Knox, domin duk mai saye yana lissafin cewa bayan kuɗin akwatin zai biya masu ɗauka ɗaruruwan daloli, kuma idan akwai matakala kuɗin ƙaruwa yake yi. Laba 800 ta haura kilo 360, wato buhun shinkafa mai kilo 50 guda bakwai da ɗoriya, a dunƙule wuri ɗaya ba mariƙi. Na sha ganin mutum ya tsaya kan farashi har ranar miƙa makullin gida ta zo, a ƙarshe shi ne ya biya aka fitar masa da shi cikin gaggawa.

Amma kafin maganar akwatin, a gama maganar abin da ke cikinsa, domin nan ne haɗarin yake. Kada ka bari bindigogin su kwana ko da dare ɗaya a ƙarƙashin gado ko cikin kabad don an riga an ɗauke sef, musamman a lokacin ƙaura da gida ke cike da baƙi, ma'aikata na shiga da fita, jikoki na yawo. Idan za ka sayar da su, dokar tarayya ta 1968 ta hana ka miƙa bindiga hannu da hannu ga mazaunin wata jiha, ko da ɗanka ne, sai ta hannun dillali mai lasisin tarayya, wanda zai sa mai karɓa ya cike takarda mai lamba 4473 kuma a binciki tarihinsa. Ohio ba ta tilasta bin dillali idan ku biyun mazauna jihar ne, saɓanin jiha irin Kalifoniya, duk da haka shawarata ka bi ta dillalin, saboda ɗan kuɗin da zai caje ka bai kai kwanciyar hankalin samun shaidar cewa bindigar ta bar hannunka ba. Wadda ba ka so kuma ba ta sayuwa, ka buga wa ofishin 'yan sanda ta layinsu na yau da kullum su gaya maka yadda za a karɓa, kada ka shiga ofishinsu riƙe da ita. Kamfanonin kwashe kaya ba sa ɗaukar harsasai, don haka wannan ma nauyinka ne. Kuma tun da na san yawancinmu idan za mu rage kaya kwantenar zuwa gida muke fara tunawa, ina roƙonka kada bindiga ko harsashi ko ɗaya ya shiga cikinta, domin fitar da su daga Amurka sai da izini, shigar da su Najeriya ko Nijar ma haka, kuma laifin ba ƙarami ba ne.

Idan za ka riƙe ɗaya ko biyu, ka sayi ƙaramin akwati mai makulli ka kafa shi a sabon gidan tun kafin ka kwashe tsohon, bayan ka karanta abin da takardar hayarka ta ce game da ajiye makami da huda bango. Babban sef ɗin kuwa ban ga dalilin hawa da shi bene ba. Daɓen ɗakunan zama a nan ana gina shi ne bisa lissafin laba 40 a kowace murabba'in ƙafa idan an baza nauyin a ɗakin duka, kuma ko da ginin zai iya ɗauka a jikin bango, da wuya mai gida ya yarda, sannan ranar da za ka sake tashi matsalar nan tana jiranka.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda nake fara ba kowa, ita ce ka bar wa mai sayen gidan. Ka gaya wa dillalin gidanka tun yanzu ya sanar da masu zuwa dubawa cewa sef ɗin yana cikin ciniki idan suna so, kuma a yankinku da ake farautar barewa masu so suna da yawa. Sai dai a rubuta shi a takardar cinikin ƙarara, domin akwatin da aka ɗaure da daɓe yakan jawo gardama kan ko ɓangaren gida ne ko kayan mai gida, kuma idan mai saye bai amince a rubuce ba yana da ikon cewa sai ka fitar da shi kafin ya karɓi makulli.

Idan bai so ba, sai ka tuntuɓi shagunan sayar da sef da masu gyaran makullai na garinku. Wasunsu suna sayen tsoho, wasu kuma za su ɗauke shi kyauta su gyara su sayar, kuma suna da kayan aikin da ya dace. Bayan su ne za ka sa talla a shafukan saye da sayarwa na intanet, Facebook Marketplace ko Craigslist, da farashi mai sauƙi ko ma kyauta, bisa sharaɗin cewa mai karɓa zai kawo ƙwararrun masu ɗauka da ke da inshora. Ka ɗauki hotonsa babu komai a ciki, domin dukansu biyu sun hana tallar makamai, sannan bai kamata baƙo ya san abin da kake ajiyewa ba. Ka rubuta tsawo da faɗi da nauyi, ka faɗi gaskiya cewa a ƙarƙashin ƙasa yake da adadin matakalar, kuma kada ka ba da adireshi sai kun daidaita.

Na nanata maganar ƙwararru ne saboda na san halinmu na zumunci, ana cewa a kira samarin masallaci su taimaka ranar Asabar. Alhaji, kada ka yi haka. Saukar da sef ƙasa nauyinsa ke taimakawa, hawo da shi kuwa nauyin ne abokin gaba, kuma idan ya suɓuce a tsakiyar matakala babu ƙarfin da zai tare shi, wanda ke ƙasa shi zai danne. Masu sana'ar suna zuwa da amalanke mai batir da ke hawa matakala da kansa, da igiyoyin ɗauri, da mota mai dandamalin ɗagawa a baya. Suna auna faɗin ƙofofi da kwanar matakala tukuna, su tokare matakalar katako daga ƙasa, su shimfiɗa katako don kada tayil ya fashe. Ka kuma sani cewa yawan nauyin yana jikin ƙofar ne, ta kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa da zarar an kwance kusoshin da suka ɗaure shi da daɓe, buɗe ƙofar gaba ɗaya na iya kifo da shi kan mutum. Idan ƙarafan da ƙofar ke juyawa a kansu a waje suke, yawanci ana iya ɗaga ta a cire a ɗauke ta daban, idan kuma a ciki suke, a bar ta a kulle.

Wani ɗan'uwa ya ba ka shawarar kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Wannan ita ce hanyar ƙarshe a wurina. Yawancin irin waɗannan akwatunan ƙarfen jikinsu ba shi da kauri, abin da ke tare wuta a ciki allunan farar ƙasa ne irin na bangon gidajen nan, wasu kuma siminti aka zuba musu, don haka masu saye ko dai su ƙi karɓa ko su biya abin da bai kai kuɗin mai ba. Yanka shi gunduwa-gunduwa a inda yake yana yiwuwa idan babu hanyar fita da shi, amma aiki ne mai tartsatsi da ƙura a rufaffen ɗaki, kuma wasu tsofaffin akwatuna na shekarun baya suna ɗauke da sinadarin asbesto mai lalata huhu, saboda haka a bar wa mai sana'ar.

Ranar miƙawa, ka cire shiryayyu da shimfiɗar ƙasa ka duba aljihunan bayan ƙofa da fitila, domin a nan fasfo da takardun fili da harsashi guda ɗaya suke maƙalewa. Idan makullin na latsawa ne, ka sa masa sabon batir mai ƙarfin volt 9, ka canja lambar sirrin zuwa wata da ba ka amfani da ita a ko'ina, ka gwada ta sau da dama ƙofar na buɗe kafin ka rufe. Idan na murzawa ne, sabon mai shi zai kira mai gyaran makulli ya canja masa. Ka haɗa masa da littafin kamfani da makullin ko-ta-kwana, ku rubuta 'yar takardar ciniki mai ɗauke da lambar da kamfani ya buga a jikin akwatin, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Daga ranar da ka kwashe kayan cikinsa zuwa ranar da za a ɗauka, ka bar shi a kulle saboda yara, domin yaro na iya shiga ciki kuma ba a buɗe shi daga ciki. Idan ka turo mini hoton matakalar da awon ƙofar ɗakin, zan duba in gaya maka ko zai fita a tsaye ko sai an cire ƙofarsa. Allah ya sa ku tare lafiya, a gaida Hajiya.