Ruwan Kifi Ya Yi Kore: Amsoshin Wasiƙunku

Wani mai kiwon tarwaɗa a unguwar Hotoro da ke Kano ya rubuto cewa ruwan tafkinsa ya yi kore shar, kifayen suna tasowa suna haki da asuba. Ya zuba maganin kashe gansakuka mai tsada, bayan kwana biyu ya kwashi matattu.

Malam, maganin ne ya ƙarasa su, kuma na gaji da maimaita wannan. Koren nan ƙananan tsirrai ne masu yawo a ruwa, ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu. Da rana su ke samar wa kifi iskar shaƙa, da dare kuma su ma shaƙarta suke yi, shi ya sa asuba ce lokacin wahala. Da maganin ya kashe tsirran gaba ɗaya, sai suka ruɓe a ƙasa, ruɓewar ta cinye 'yar iskar da ta rage.

Abin da ke ƙara wa tsirran yawa abincin da ya yi saura ne da kashin kifi, sai zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano ke kai digiri 40, ga ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Ka tsoma hannu. Idan tafinka ya ɓace a wajen gwiwar hannu, kimanin santimita 30 zuwa 40, ruwan lafiya lau. Idan ya ɓace tun a wuyan hannu, ka zubar da kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara sabo, ka tsayar da abinci kwana ɗaya. In ka ga kumfa mai kama da fenti tana wari, ka yaye ta, kada awaki su sha, wani irinta yana da guba.

Hajiya daga Ɗorayi tana tambayar ɗebo ruwan kududdufi don 'ya'yan kifi. A'a Hajiya, kwatamin unguwa ne ke malala ciki. Ki jiƙa busasshen kashin kaji cikin buhu a wata randa daban, ki sa a rana. Bayan kamar mako guda ruwan zai yi kore, ki ɗan ƙara ruwan tsohon tafkin kifi mai lafiya, ƙananan ƙwarin da 'ya'yan kifin suke ci su hayayyafa, ki tace musu.

Mai tambaya kan amfani da ruwan kogunan Jakara da Getsi a tafkin kifi kuwa, dattin gari da na masana'antun Bompai ke bi ta nan, kada ka janyo shi tafkinka.