Tambayi Likita: Na Daina Gishiri, Jinin Bai Sauka Ba

Tambaya: Likita, ina fama da hawan jini. Na daina sa gishiri a miya, amma awon bai sauka ba, gwaji kuma ya nuna fotasiyam ɗina ya yi ƙasa. Me ya haɗa su? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Gishiri kika daina, to dunƙulen magi da kanwa fa? Duk cike suke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi ke riƙe ruwa a jiki har jini ya hau. Kunun kanwar da ake ɗura wa masu jego ma, ni dai ban yarda da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Fotasiyam kuwa wani sinadari ne da jiki ke samu daga abinci, shi ke taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyam ta fitsari. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari suna zubar da shi, don haka ki kai wa likitanki kwalin maganinki ya gani. Ki yawaita wake, alayyahu da ayaba, amma sai an tabbatar ƙodarki lafiya lau take.