Amsa ga 'yar'uwar da cikinta ke murɗawa yana kumbura

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce cikinki yana murɗawa yana cika da iska, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita, kuma gwaje-gwajen da aka yi miki a Garwa ba su nuna komai ba. Wannan ya yi kama da larurar da na daɗe ina fama da ita, wadda likitocinmu ke kira kolopati, inda hanji ke saurin harzuƙa alhali babu gyambo ko ƙari a jikinsa.

Shawarata ta farko ita ce ki daina karɓar maganin taifot a kemis duk lokacin da cikin ya motsa, domin gwajin Widal yakan nuna cutar ko babu ita, kuma yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara dagula hanji. Ki koma wurin likita a duba bayan gidanki saboda amiba da tsutsar ciki, a kuma auna jininki. Ƙa'idar da likitoci ke bi don gane kolopati, wadda aka sabunta a 2016, ita ce ciwon ya riƙa zuwa aƙalla rana ɗaya a mako tsawon wata 3, yana da alaƙa da fita bayan gida, kuma ya fara tun wata 6 baya. Amma idan kin ga jini, ko kina ramewa, ko zazzaɓi, ko gudawar tana tashinki cikin dare, to, wannan wata magana ce daban, kada ki jinkirta.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne ɗan littafi da nake rubuta abin da na ci da yadda na kwana. A nan na gane cewa ƙosai da ɗanyar albasar da ake barbaɗawa a kan tsire ne manyan abokan gabana, sai shayi mai kauri kafin in sa wani abu a baki, alhali tuwon dawa da miyar kuɓewa da kifin Binuwai ba sa taɓa ni. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun lissafa wake, alkama, tafarnuwa, madara, zuma da mangwaro cikin abincin da ke tara iska a hanji. Ana janye su ne mako 4 zuwa 6, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, don kowa da abin da hanjinsa ya ƙi.

Maganin Spasfon yana sassauta mini murɗawar, amma ki tambayi likita tukuna. Ki kuma lura da ranakun da kike cikin damuwa ko ba ki samu barci ba, domin ni ko a tsakiyar hidimar biki ciwon yakan taso mini ba tare da na sauya abinci ba.