Hajiya, kada ki binne jarinki a kwalbar ud

Wata 'yar kasuwa mai haɗa humra da turaren wuta a Maiduguri ta aiko da tambaya. Ta tara jarin naira 800,000, sai wani dillali mai kawo kaya daga Dubai ya yi mata tayin man ud da almiski "na asali" da araha. Masu sayen kayanta kullum tambayarsu ɗaya ce: na asali ne? Shin ta zuba kuɗin a nan, ta bar mayukan kamfani?

Hajiya, Allah ya yi wa nema albarka. Shawarata ita ce ki riƙe kuɗinki.

Mu fara da almiski. Na ainihi daga jikin namijin wata 'yar barewa yake fitowa, mai zama a duwatsun Himalaya da dazuzzukan Sibiriya, kuma mafarauta sai sun kashe ta suke yanke jakar da ke kusa da cibiyarta. Farauta ta yi mata mummunar ɓarna, shi ya sa yarjejeniyar CITES, mai kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, ta ɗaure cinikinta tsakanin ƙasashe. Launinsa duhu ne, warinsa kuma yana da ƙarfi kafin a sirka shi. Farin nan mai kauri da muke kira almiskin ɗahara a masana'anta ake haɗa shi, ko da an cika kwalbar da rubutun Larabci. Kuma abin ya daɗe: tun 1888 wani masani mai suna Albert Baur ya ci karo da almiskin haɗi yana binciken abubuwan fashewa. A 1965 kamfanin ƙamshi na IFF ya samar da wani almiskin haɗi mai suna Galaxolide, wanda yau ƙamshinsa ke cikin sabulai da garin wanki a ko'ina.

Shi kuwa ud, bishiyar Aquilaria ce ke ba da shi, a wurare irin su Assam ta Indiya da Kambodiya. Sai bishiyar ta ji rauni, funfuna ta shige ta, sannan take fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, kuma hakan na ɗaukar shekaru. Shi ya sa ake aunar mansa da tola, 'yar kwalbar da ba ta wuce mililita 12 ba. In kin ga an kawo miki shi a babbar kwalba da sauƙin kuɗi, to ko dai na haɗi ne, ko an sirka shi da DPG, ruwan nan marar ƙamshi da ake ƙara yawan turare da shi. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka sa mata masu sana'a irin taki suna jin kunyar man haɗi, alhali manyan kamfanonin turare na Faransa da shi suke aiki. A madadin ambar da ke fitowa daga cikin kifin whale suna sa Ambroxan, a madadin sandal na Mysore ta Indiya akwai Javanol na kamfanin Givaudan. Ke ma kin fi buƙatarsa. Matar da ta sayi humrarki a watan jiya, irin ƙamshin nan take so ta sake samu, man itace kuwa kowane zubi da yadda yake fitowa. Ga shi jarinki na son juyawa, ud na gaske kuma yana iya yin watanni a kanta yana jiran mai kuɗi ɗaya.

Sai dai man haɗi ma suna suka tara. Akwai tsofaffin almiskin haɗi, kamar musk ambrette da musk xylene, da Tarayyar Turai ta hana saboda illarsu, ke kuma kayanki fatar amare suke taɓawa. Ki tambayi dillali sunan kamfanin da ya yi man da takardar ƙa'idar IFRA, ƙungiyar masu haɗa ƙamshi ta duniya. Ki sayi kaɗan tukuna, ki shafa a ƙyalle ya kwana, sannan ki gwada a kan garwashi, domin akwai man da ke da daɗi a jiki amma ya taɓa wuta sai ƙauri. In kin fara liƙa tambarinki a kwalba, ki nemi rajistar NAFDAC.

Mai tambayar "na asali ne?" kuma ki gaya mata gaskiya. Kin san hadisin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, aka ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ki ce man na kamfani ne mai kyau, amma farce da gajiji da itacen sandal da kwanakin da haɗin ya yi yana jiƙa, duk aikin hannunki ne. Wannan shi ne abin da ake zuwa Borno nema.

In wata ta dage sai ud na gaske don kayan lefe, ta ba da kafin alƙalami, ki sayo mata tola ɗaya a wurin wanda zai yarda ki mayar in bai yi ba.