Masu ruwa da tsaki, riƙon ƙwarya, da kundin sunayen intanet

Wani malamin makaranta daga Garwa ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji a rediyo an ce tun 2016 Amurka ta miƙa ragamar sunayen intanet ga masu ruwa da tsaki na duniya. Wane tsaki ake nufi, kuma su wane ne waɗannan mutane?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Tsaki uku ne rubutun boko ya haɗa mana wuri guda. Akwai wanda ake ja da baki in rai ya ɓaci, akwai 'yan tsaki, wato jam'in ɗan tsako, sannan akwai ɓarzajjen hatsin da ke saura a rariya bayan an tankaɗe gari. Na ukun ne namu. Shi ake watsa wa kaji, a ajiye musu ruwa a kasko. Mai ruwa da tsaki shi ne wanda ɗawainiyar abu ke wuyansa safe da yamma, in ya yi sakaci abin ya mutu a hannunsa. Shi ya sa in mutum ya shiga lamari dumu-dumu ake cewa ya yi ruwa ya yi tsaki, kamar yadda ake cewa ya yi uwa ya yi makarɓiya. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan jarida suka mai da kalmar ta zama sunan manyan baƙin da ake jera wa kujeru a gaban taro. Asalinta kalmar aiki ce, tana da nauyi a kan mai ɗauke da ita.

To su wane ne? Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi, amma mutum suna yake riƙewa, don haka dole a sami kundin da zai haɗa suna da lamba. A saman wannan tsari akwai babban kundi guda, inda aka rubuta waye ke kula da .com, waye ke kula da .cm na Kamaru, waye ke kula da .td na Cadi. Shekaru da yawa wani masani ne a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Jon Postel, yake riƙe da wannan aiki da ake kira IANA, har ya rasu a watan Oktoba na 1998. A shekarar ce aka kafa ICANN, ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, ta karɓi aikin bisa yarjejeniya da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka. A cikin ICANN akwai injiniyoyi, kamfanonin da ke sayar da sunaye, masu samar da intanet, hukumomin sunayen ƙasashe, ƙungiyoyin farar hula, malaman jami'a, da masu amfani da intanet irinmu. Gwamnatoci ma suna nan da kwamitinsu, amma nasu shawara ce suke bayarwa. Waɗannan ne aka fassara da masu ruwa da tsaki, kuma a ganina fassarar ta dace da waɗanda ke zaman tattaunawar dare da rana ba tare da albashi ba. Ban ga yadda za ta dace da wanda sai ranar ɗaukar hoto ake ganinsa ba.

Wata ɗaliba a Jami'ar Marwa ta ce suna gardama a aji. Wasu na cewa a da Amurka ce ta mallaki intanet, ita kuma ta ce riƙon ƙwarya ne kawai. Tana so in raba gardama.

'Yata, ke ce kika fi kusa da gaskiya. Mallaka ita ce abu ya zama naka, ka sayar, ka kyautar, a gada a hannunka. Riƙon ƙwarya kuwa shi ne a ba ka matsayi ka tsare kafin a sami mai shi. Mai riƙe wa wani ƙwarya ba ya sha, kuma ya san za a karɓa. Intanet tarin hanyoyin sadarwa ne na dubban kamfanoni da hukumomi, ba mai ita gaba ɗaya. Kafin Oktoba 2016, abin da ke hannun Amurka shi ne sa hannu: in hukumar da ke kula da .cm a Yawunde, ko mai kula da .td a Injamena, tana son a canza wani bayani a babban kundin, ICANN ce za ta duba buƙatar, sai wani ofishi na gwamnatin Amurka mai suna NTIA ya amince, sannan kamfanin Verisign ya shigar. Ƙaramin aiki ne a ido, amma ki yi tunanin ƙasa mai 'yancin kai tana jiran sa hannun ma'aikacin wata ƙasa a kan sunanta.

Ita kanta Amurka a 1998 ta rubuta cewa za ta janye hannu, ta sa wa'adin ƙarshen Satumba na 2000. Wa'adin ya wuce, ƙwarya tana hannunta. Sai bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013 kan leƙen asirin da Amurka ke yi, amana ta yi rauni, matsin lamba ya ƙaru, sannan ranar 14 ga Maris 2014 NTIA ta sanar cewa za ta sauka. Ta kafa sharaɗi cewa ba za ta miƙa wa wata gwamnati ko wata ƙungiyar gwamnatoci ba. An shafe shekara biyu ana tsara daftari, aka kammala shi a taron Marakesh na Maroko a Maris 2016. Wasu 'yan majalisar Amurka, musamman Sanata Ted Cruz, sun yi ta adawa, jihohi huɗu ma suka garzaya kotu, alƙali ya ƙi dakatar da shirin. Ranar 1 ga Oktoba 2016 yarjejeniyar da ke tsakanin ICANN da gwamnatin Amurka kan wannan aiki ta zama tarihi. Riƙon ƙwaryar da aka ce na shekara biyu ne ya kai sha takwas. Sai dai ki gaya wa abokan gardamarki suna da ɗan abin riƙewa, domin har yau ICANN tana da rajista ne a jihar Kalifoniya, dokokin can ne ke hawa kanta.

Tambaya ta uku daga wani dattijo ce, ɗan kasuwa a Kuseri, kuma ita ta fi tsaya mini a rai. Ya ce: "An ce shawara ɗaukar ɗaki. Amma in an tara manyan kamfanonin duniya da mu a zaure ɗaya, ba sai a koma ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo ba?"

Alhaji, Allah ya ja kwana. Karin maganar farko daga ginin bukka ta fito. A ƙasa ake haɗa jinka a baibaye ta, sannan a kira maƙwabta a kewaye ta, a ɗaga lokaci guda a ɗora kan bango. In gefe ɗaya ba kowa, sai ta karkace. Ma'anarta ke nan, shawara sai da jama'a, kuma kowa da gefen da zai kama. Ta biyun kuwa gaskiya ce mai ɗaci. Kamfanin da ke da lauyoyi da kuɗin jirgi zai halarci duk tarukan ICANN uku na shekara, mutumin Marwa ko Abeshe kuwa kuɗin data ma aiki ne. Ba zan ɓoye maka ba, ƙaurin giwa ya cika zauren. Duk da haka ƙofar a buɗe take: shiga taron kyauta ne, ana iya bi daga nesa, ana fassara manyan zaman zuwa Faransanci da Larabci, harsunan da 'ya'yanmu na Kamaru da Cadi suka iya. Kuma tun 2016 jama'ar ƙungiyar suna da ikon ƙin amincewa da kasafin kuɗi, har da tsige 'yan hukumar gudanarwa.

Gefen jinkar da ya rage namu shi ne harshe. Tun 2010 aka fara shigar da sunayen ƙasashe da haruffan Larabci a babban kundin, Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne kan gaba, saboda mutanensu sun zauna sun yi aikin. Mu kuwa har yanzu in za mu rubuta adireshi galibi sai mu zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Kwamitocin masana harshe da injiniyoyi ne ke tantance haruffan da za su shiga saman kundin, hukumar kowace ƙasa kuma ita ke yanke abin da za a karɓa a ƙarƙashin sunanta. Wa zai je ya nemi a karɓi haruffanmu a .cm da .td in ba malaman Hausa da Fulatanci na jami'o'inmu ba? Fulatanci ma yana da ɓ da ɗ da ƴ, buƙatarmu ɗaya. A nan Afirka kuma mun ga abin da sakaci ke jawowa. AFRINIC, wadda ke raba lambobin adireshi ga nahiyar daga Morishus tun 2005, rigingimun shari'a sun bar ta ba hukumar gudanarwa, har kotun ƙasar ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023. Kamfanonin sadarwar da muke biya kullum daga wurinta suke samun lambobinsu.

A ƙarshen wasiƙarsa Alhaji ya ƙara da cewa, tunda masu ruwa da tsaki ne da ragama, su ne ke katse mana intanet? A'a, Alhaji. ICANN kundin suna take tsarewa, ba ta da iko kan igiyoyi da turakun sadarwa na cikin ƙasa. Katsewar da aka yi a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru daga Janairu zuwa Afrilu 2017, da toshe shafukan sada zumunta a Cadi daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, duk sun faru ne bayan miƙa ragamar, kuma daga cikin gida aka yi su. Ka lura da kalmomin biyu: katsewa ita ce a yanke hanyar baki ɗaya, toshewa kuwa hanyar na nan, wasu ƙofofi aka rufe, kamar WhatsApp da Facebook.